Ba Gigin Tsufa Ba Ne, Kunne Ne

Idan idon Baba ya raunana, mukan garzaya da shi asibiti a yanka masa tabarau. Idan kunnensa ne, sai mu ɗaga murya sau biyu, a na uku mu ce, "A ƙyale shi, tsufa ne." Wannan sakaci ne muka naɗa wa rawanin haƙuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai tauye mu'amala. Ƙwayoyin karɓar sauti da ke can cikin kunne suna mutuwa sannu a hankali, kuma ba sa sake tofowa. Siraran sautuka irin su "s" da "f" ne ke fara ɓacewa, shi ya sa dattijo ke jin murya amma ya kasa tsintar kalmomin. Tsawa ba ta magance wannan.

Daga nan sai ya janye daga majalisa, huɗuba ta riƙa wuce shi, mu kuma mu ce ya fara gigi. Alhali a 2020 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa.

Za a ce na'urar ji tana da tsada, likitocin kunne kuma 'yan ƙalilan ne. Haka ne. Amma mai sauya waya duk shekara ba shi da wannan uzuri. Ku kai iyayenku gwajin ji. Kafin nan, ku fuskance su, ku yi musu magana a natse.