Idon Da Ya Ga Landan, Ya Kasa Ganin Sunke

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman ku masu karatun ilmin kwamfuta, yau da ku nake. Kowace shekara muna ganin ayyukan da kuke miƙawa na kammala digiri: shafin sayar da takalma, shafin otal, shafin makarantar da babu ita. Hotunan kuwa ado ne kurum, da an matso da su sai su dushe kamar rubutun allo da ruwa ya taɓa. Shin wannan ne iyakar abin da talaka zai samu daga kuɗin da aka kashe a kanmu?

Ku tuna da shekarar 2010, lokacin da likitocin MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, ta kashe yara kimanin 400. Tsakanin 2010 da 2011 aka kankare ƙasar ƙauyuka bakwai, har da Sunke da Dareta da Abare da 'Yargalma, aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai 2013. An auna ƙasa gida gida, an rubuta rahotanni da Turanci, taswirorin an matse su cikin shafin takarda. To, ɗan Sunke da ke son sanin inda aka binne ƙasar mai guba kafin ya haƙa rijiya, wace taswira zai duba da harshensa?

Alhali kuwa dabarar ba tsafi ba ce. Ana ɗaukar babban hoto a yi masa hawa hawa, daga ƙarami zuwa cikakke, a yanka kowane hawa gunduwa gunduwa, galibi ɗigo 256 kowane gefe. Wayar mai kallo ba ta jawo komi sai gunduwoyin wurin da idonsa yake. Manhajar OpenSeadragon tana yin wannan aiki kyauta, kuma da irin wannan hanya, bisa tsarin IIIF, manyan ɗakunan karatu na Ingila da Faransa suke nuna tsofaffin littattafai har mutum ya ga inda alƙalami ya karce.

Wasu za su ce ai haɗa ta da React, wadda Facebook ya fitar a 2013, akwai wuya. Wuyar guda ce, kuma ɗan manomi ya fi kowa saninta. React maigida ne mai iko da gandu duka, yana sake shirya shafi duk sa'ad da wani abu ya canja. Ita kuwa mai nuna hoton tana son gayaunarta. Sai ka yanka mata fili, ka jira har filin ya tabbata a shafi kafin ka sa ta ciki, ka hana maigida yi mata shisshigi, in an tashi kuma ka sallame ta don kada ta cinye ƙwaƙwalwar waya. Wanda ya kasa wannan cikin mako guda, ba kai ya rasa ba, niyya ya rasa.

Wasu kuma za su ce data na da tsada, sabis kuma ba ƙarfi a karkarar Gummi. Wannan hujja tamu ce, ba tasu ba, domin gunduwa ta fi dukan hoto arha. Masu tsoron tonon asiri kuwa suna da gaskiya: sunan yaro ko na maigida bai kamata ya hau taswira ba. Amma ramin guba ba shi da mutuncin da za a kare.

Tun da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamba 2024, wanda aka sa a 2019, maganar ta zama ta gaggawa. Saboda haka ina kira ga ɗaliban Gusau da Sakkwato da Zariya: ku nemi taswirorin nan, ku fassara bayanansu, ku ɗora su yadda za a iya matso da su. Ku kuma matasan ma'aikata, ku fito da fayil daga kabad. Rigakafi ya fi magani, kuma kabarin yara ya isa wa'azi.

Allah Ya sa mu gane.