Shin Ɗan Makaɗi Ba Mutum Ba Ne?

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda na saba, faɗa na zo yi, kuma wanda zan yi faɗan da shi kawuna ne, wan mahaifiyata, mutumin da ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare. Na san wasu za su ce na yi butulci. To su ce mana. Ni dai na riga na durƙusa har ƙasa na faɗa masa zan rubuta, ya ce in je in rubuta, ai takarda ba ta cizo.

Abin ya faro ne da hutun babbar Sallah a gidansa da ke Gumel. Ƙanena da ke karatu a Kano ya zo da wani shiri a cikin 'yar filashi, ya ce musamman don Kawu ya kwafo shi, saboda kowa a danginmu ya san Kawu da son kiɗan nan na ƙauyen Amurka da ake kira kantiri. Tun yana ɗalibi a kwalejin horon malamai ta Gumel yake tara kaset ɗin Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton, har yau suna nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, rikodar ma ta daɗe da mutuwa amma bai yarda an zubar ba. Wani Ba'amurke mai suna Ken Burns ne ya yi shirin, aka fara nuna shi a tashar PBS a shekarar 2019, kashi 8 ne, awa 16 cur. Dare takwas muka yi ana tayar da janareto bayan sallar isha'i, a fito da talabijin tsakar gida, maza a benci mu mata a tabarma, ƙanen nawa yana fassara wa waɗanda ba sa jin Turanci.

Ba zan ɓoye muku ba, shirin ya yi kyau. An nuna yadda a shekarar 1927 wani mutum mai suna Ralph Peer ya ɗauki na'urar naɗar murya ya tafi wani gari da ake kira Bristol, ya sa aka yi shela cewa duk mai waƙa a ƙauyukan tsaunin nan ya zo a ɗauke shi. Cikin waɗanda suka zo akwai iyalin Carter, miji da mata da wata 'yar uwar matar mai suna Maybelle, yarinya 'yar shekara 18 da tsohon ciki, ta sha wahalar hanya a mota don kawai ta kaɗa jita. Mutanen birni a lokacin raina su suke yi, suna kiransu da sunan da in a Hausa ne za a ce 'yan ƙauye ƙafa duk faso. An nuna Dolly Parton, su goma sha biyu iyayensu suka haifa a ɗan ƙaramin gidan katako, ubanta ko karatu bai iya ba. An nuna Loretta Lynn, 'yar mai haƙar kwal, wadda aka yi mata aure tana ƙarama kamar yadda ake yi mana, ta haihu huɗu tun kafin ta fara waƙa, ta zo tana rera abin da ke ci wa matan aure tuwo a ƙwarya, miji mashayi da kishiyar waje da haihuwar gwarne.

To a daren da aka nuna talaucin su Dolly Parton ne na waiga na ga Kawu ya cire tabarau yana share ido da bakin rigarsa. Wallahi hawaye ne sosai. Da aka kashe janareto sai ya gyara murya ya ce, "Kun gani ko? Shi ya sa Turawa suka fi mu. Sun san darajar nasu. Dubi 'yar talakawa likis, an ɗaga ta duniya ta san ta. Mu kuwa ba mu san komai ba sai hassada." Maza suka ce ƙwarai kuwa Malam, gaskiya ne. Abin da kawai ya ɓata masa rai shi ne a ganinsa ba a yi wa Don Williams adalci ba, ya yi ta mita a kan wannan har gari ya waye.

Ni kuwa sai na juya na kalli 'yarsa ta uku tana zaune a ƙarshen tabarma, kanta a sunkuye tana tsinkar zaren tabarmar.

Bari in gaya muku dalili. Shekara biyu kafin wannan dare wani yaro ya fito neman aurenta, malamin firamare ne a Maigatari, yana da takardarsa ta malanta, ba ya shan ko taba, liman ɗin unguwarsu ma ya shaide shi. Ita tana sonsa shi yana sonta. Aka tura bincike, 'yan bincike suka dawo suka ce yaro ba shi da aibu, sai dai ubansa makaɗin kalangu ne, shi ke yi wa mahauta kiɗa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Nan take Kawu ya ce a mayar musu da goronsu, shi ba zai haɗa zuri'a da maroƙa ba, jikokinsa ba za su tashi ana nuna su ana cewa ga jinin bambaɗawa ba. Yarinya ta yi kuka har ta rame, aka yi mata nasiha da haƙuri da biyayya, mu ma da bakinmu muka taya yi mata, Allah ya yafe mana. Yaron ya yi aure a Gagarawa. Ita har yau tana gida.

Haba Kawu! Ɗiyar talakan Amurka mai kaɗa jita ta cancanci hawayenka, ɗan makaɗin Maigatari mai koyar da yara karatu bai cancanci ko zama a zaurenka ba? Mene ne bambancin ubansa da mutanen da ka kwana takwas kana kallo? Nisan gari ne ko farar fata?

Kuma abin dariya, a daren farko ma shirin da kansa ya faɗa mana cewa abin kiɗan nan nasu da ake kira banjo asalinsa daga Afirka ne, bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka su suka tafi da iliminsa, duma ne ake rufe wa fata a ɗaura tsirkiya. Ƙanena yana fassarawa sai wata goggonmu ta ce, "To ai gurmi ke nan." Gaskiya ta faɗa, duk wanda ya taɓa ganin gurmin Haruna Uji na nan Haɗeja maƙwabtanmu ya san dangi ne. An kuma faɗi labarin wani baƙar fata mai ƙafa ɗaya, Lesley Riddle, wanda yake bin maigidan iyalin Carter ƙauye ƙauye, shi yake haddace karin waƙoƙin da suke tsintowa a bakin tsofaffi. Ashe abin da Kawu ya adana a akwatin ƙarfe shekara da shekaru ɗan uwan abin da ya kora daga ƙofar gidansa ne.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an ce. Kawu ya ce ai ba ɗaya ba ne, na can sana'a suke yi, namu roƙo suke yi, in ba ka ba su ba su yi maka zambo. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba, kowace mace da ta taɓa yin biki ta san wulaƙancin maroƙin da ya tsaya mata a ka. Amma Ɗan Maraya Jos fa? Da kuntigi, gwangwani da tsirkiya ɗaya tal, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa auren dole waƙa, har ya rasu a 2015 yana faɗa wa mutane gaskiya. Mamman Shata kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta a 1988, da ya rasu a 1999 Kawu da kansa ya wuni bai ci abinci ba. Amma da jikan Shata zai zo neman 'yarsa na rantse da goron za a koma. Muna son waƙar a rediyo, mai waƙar ne ba ma so a tabarmarmu.

Masu cewa kiɗa haramun ne gaba ɗaya, su ban da ja da su, wannan fagen malamai ne, kuma wanda ya toshe kunnensa daga na gida da na waje duka ya tsaya a kan magana ɗaya, ina ganin girmansa. Kawu ba ya cikinsu. Kuma ko da laifi ne, yaron ai ba shi ya rataya kalangun ba.

Yanzu kuma bari in juyo kanmu mata, don kada ku ce na ɗora wa namiji kaya na tsallake namu. A tabarmar nan akwai waɗanda suka yi ta tsaki suna cewa kiɗan arna ne, su a mayar musu da fim ɗin Indiya. Akwai kuma 'yan boko irina da muka yi ta cewa kai, ina ma a yi wa namu irin wannan, gwamnati ba ta kyauta ba, gidajen talabijin ba su kyauta ba. Mun iya wannan, a ɗora wa gwamnati a tashi a kwanta. Alhali maza ma an ɗan yi musu wani abu, gidan rediyon Kaduna ya naɗi muryoyinsu da yawa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa, an yi wa Shata littafi guda mai kauri. Mu fa? In kin cire Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta kife ƙwarya ta yi ta gaya wa mata su tashi su kama sana'a har ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano, wace mace za ki iya kama sunanta? Su ɗin ma sau nawa kika ji ana cewa matar kirki ba ta zuwa gidan amada?

Waƙar mata ta gaskiya ai ba a dandali take ba. A bakin dutsen niƙa take da asuba, da gindin turmi, da ɗakin amarya ranar daɓe, da bayan uwa mai rarrashin goyo. A nan macen da ba ta isa ta ɗaga ido ta kalli uwar miji ba take faɗin abin da ke cikinta, da habaici, kowa ya ji kuma ba mai kama ta da laifi. Injin niƙa ya zo ya ɗauke ta niƙa, siminti ya ɗauke ta daɓe. Ba na kukan dutsen niƙa, Allah ya raba mu da shi, ya cinye bayan iyayenmu. Waƙar da ta bi shi nake kuka, don ba wanda ya zo da na'ura ya yi shela a Sule Tankarkar kamar yadda aka yi a Bristol.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma shi ya fi ci mini rai. Kakata ta wajen uba a wani ƙauye take kusa da Sule Tankarkar, murya gare ta kamar sarewa. Ina aji huɗu a sakandare ta zo mana kwana biyu, ƙawayena suka kawo mini ziyara, tana tsakar gida tana surfe tana waƙa. Na fita na ce, "Iya don Allah ki yi shiru mana, ina da baƙi." Ta ce, "To uwar ɗakina, na yi." Ta yi shirun. Ban ƙara jin ta yi waƙa a gidanmu ba har Allah ya karɓi abarsa. Yau ga ni wai marubuciya, na buga littafi biyar da kuɗin adashena, amma ko baiti ɗaya na Iya ban riƙe ba. Mutanen Ken Burns sun yi hira da mutum sama da ɗari, wasu kamar Merle Haggard sun mutu kafin a nuna shirin, amma muryarsu tana nan. Ta Iya kuwa ni na kashe ta tun tana da rai.

Bayan Sallar da sati biyu na shiga mota na tafi Gagarawa wurin ƙanwar Iya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ido ya fara tafiya. Na kai mata sabulu da goro, na ajiye waya a gabanta na ce, "Goggo waƙar niƙa nake so ki yi mini, irin taku ke da Iya." Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke 'yar nan, waƙar niƙa a zaune? Ai sai hannu yana tafiya take zuwa." Muka shiga neman dutse. Matan gidan suka ce ai an daɗe da rabuwa da shi, sai wata yarinya ta nuna mana shi a bakin banɗaki, an kife shi ana takawa saboda caɓi. Muka wanke shi, aka samo ɗan dutsen a gidan maƙwabta, na zuba mata gero tafi biyu. Ta durƙusa da ƙyar. Ta yi huɗu, ta ɗauko ta biyar ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta ce wannan Iya ce take ja ita tana amshi, farkon kawai ta sani.

Na kawo wa Kawu na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya ce in tura masa a wayarsa. Na ce zan tura, amma Kawu maganar yarinyar nan fa, in wani ɗan makaɗin ya sake fitowa? Ya ɗauki butarsa ya ce lokacin la'asar ya yi.