A Matsar da Dish, a Bar Bishiya



Da zarar damina ta kankama, bishiyoyi suka cika da ganye, sai a fara jin ƙorafi iri ɗaya a gidajenmu na Zandam da kewaye: hoton talabijin yana tsinkewa, murya tana yankewa, daga baya a ga babu sigina gaba ɗaya. Sai wani ya fita tsakar gida, ya ɗaga kai, ya ga darbejiya a gaban dish, ya yanke hukunci nan take cewa ita ce mai laifi. Abin da ke biyo baya mun san shi. A ɗauko gatari, kuma ku matasa ne ake miƙa wa shi. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan magana da ku. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, idan dish da bishiya suka kasa zama wuri ɗaya, dish ne ya kamata ya tashi.

Mu auna su biyun. Matsar da dish aikin wuni ɗaya ne, in an haɗa da jiran siminti ya bushe, kwana biyu ko uku. Bishiyar da za ta yi inuwar da iyali za su zauna a ƙarƙashinta kuwa sai an yi shekaru ana tsare ta daga awaki, ana ba ta ruwa da rani. Ita darbejiya baƙuwa ce ma a ƙasarmu. Daga yankin Indiya ta fito, a shekarar 1928 aka fara dasa ta a ƙasar Borno, ta bazu ko'ina a Arewa domin tana jure fari, tana riƙe ganye lokacin da wasu suka kaɗe. A watan Afrilu, zafi a Jigawa yakan haura digiri 40. A wannan lokaci babu wutar lantarki sau da yawa, talabijin a kashe yake, amma tsofaffi da yara suna ƙarƙashin bishiya. Jiharmu tana cikin jihohi 11 da shirin Great Green Wall ya shafa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ba ya kyautuwa a ce ana kashe kuɗi ana dasawa a arewacin jiha, mu kuma a kudu muna sarewa domin kallon ƙwallo.

Abin da ke sa a yi gaggawar sara shi ne rashin sanin inda dish yake kallo. Taurarin ɗan Adam da ke aiko da hoton talabijin suna can nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, suna zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa ake ganin kamar a tsaye suke wuri ɗaya. Mu da muke arewa kaɗan da wannan layi, a wajen digiri 11, taurarin suna can sama sosai a kanmu, sun ɗan karkata kudu. Tauraron Eutelsat da DStv ke amfani da shi a Najeriya yana digiri 36 gabas. Daga ƙasar Gwaram ana samun sa tsakanin gabas da kudu maso gabas, a tsayin kusan digiri 57. Nilesat, wanda masu neman tashoshin kyauta suka sani, yana digiri 7 yamma, ana samun sa ta kudu maso yamma a tsayin kusan digiri 66.

Ga inda ido yake ruɗar mu. Irin ƙananan dish ɗin da suka fi yawa a gidaje an ƙera su ne ta yadda sigina ke shigowa daga sama da inda fuskarsu ta nuna, da fiye da digiri 20. Za ka ga kamar dish ya zuba wa bishiya ido, alhali ta samanta yake kallo. Lissafin ma ba shi da wuya. Idan bishiya ta ɗara dish tsayi da mita 10, kuma tana daidai kan hanyar tauraron DStv, nisan mita 7 daga ƙarshen rassanta ya isa. In Nilesat ne, mita 5 ya wadatar. Wani lokaci ma taku kaɗan zuwa gefe ne kawai ake bukata. Gidaje da yawa a karkararmu suna da wannan fili.

Kafin ma a kai ga matsarwa, a bincika ko bishiyar ce da gaske. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana sigina ko da babu itace ko ɗaya a unguwa, kuma da hadarin ya wuce hoto yake dawowa. Iskar farkon damina tana kwance noti, dish ya goce da abin da bai kai faɗin yatsa ba, wannan kaɗai ya isa ya ɗauke hoto. Ruwa yana shiga mahaɗar waya a jikin LNB, wato kan da ke tsaye a gaban dish, ya sa tsatsa. Ɓera ko akuya suna tauna waya. Gidan da ya sare bishiya saboda noti ɗaya ya yi asara biyu, inuwa ta tafi, hoto bai dawo ba.

In an tabbatar rassa ne suka tare, to a yi aikin da kyau. A duba dish ɗin maƙwabci mai irin tashoshinku a ga inda ya fuskanta. A zaɓi wurin da sama take a buɗe ta wannan ɓangare, a yi la'akari da girman da bishiyar za ta ƙara nan da shekaru. Mun fi son a kafa bututun ƙarfe a ƙasa, a zuba masa siminti, a tabbatar ya miƙe sak, maimakon a ɗaure dish a kan rufin kwano. Na ƙasa ya fi jure iska, ba ya huda kwano, kuma gyaransa ba ya bukatar tsani. Kada a taɓa makullin tsayi idan bututun ya miƙe kamar na da, a buɗe shafin sigina a dikoda, mutum ɗaya yana juyawa a hankali, ɗaya yana kallon allo, sai an samu ƙarfin da ya fi kyau sannan a ɗaure. A sa waya guda ɗaya ba mai haɗe-haɗe ba, a bi da ita cikin bututun roba a binne, a naɗe mahaɗar don ruwa. A nisanci wayar lantarki, kuma kada kowa ya taɓa ƙarfe ko ya hau rufi ana walƙiya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Wani zai ce mai haɗa dish sai an biya shi, ga siminti, ga sabuwar waya, gatari kuwa kyauta ne, har a samu itacen girki. Gaskiya ne akwai kuɗi a ciki. Amma itacen zai ƙare cikin 'yan makonni, sannan a koma sayen zana ko kwano don yin rumfa, wadda ba za ta taɓa yin sanyin ganye ba. Wani kuma zai ce gidansu ƙarami ne. To a rage reshe ɗaya ko biyu da suka tare, wannan ba laifi ba ne, bishiya za ta warke. Abin da muke ƙi shi ne a sare ta daga gindi ko a yi mata aski tas.

Idan kuwa bishiyar ta maƙwabci ce, maganar ta ƙara nauyi. Kada ku ɗaga adda a kan reshen da ba naku ba, ko da ya leƙo ta kan katanga, sai an yi sallama an nemi izini. Gaba tsakanin gidaje biyu tana iya daɗewa fiye da dikodar da aka yi faɗan dominta. Matsar da dish ɗinka a cikin gidanka ba ya bukatar izinin kowa, ba ya ɓata wa kowa rai.

Don haka, 'yan'uwa, in Baba ko Mama suka ce ku sare, kada ku yi gardama, kada kuma ku yi gaggawa. Ku roƙi kwana biyu cikin ladabi. Ku duba noti, ku duba waya, ku auna fili. Waɗanda suka iya wannan aiki a cikinku su koya wa saura, ku taimaki gwauraye da tsofaffin da ba su da mai yi musu. Waɗanda suka dasa waɗannan itatuwa da yawansu ba su zauna a inuwarsu ba, mu suka bar wa. Ya kamata ƙannenku su same su a tsaye.

Allah ya ba mu hikima.