Yaƙi da Jahilci na Biyu: Makomar Ɗan Ƙwadago a Tambuwal da Kebbe

Sanin kowa ne cewa a da, ƙarfin damtse da riƙon amana su ne jarin talaka wajen neman abinci. Yau kuwa zamani ya gindaya masa wani sharaɗi, watau iya sarrafa waya da kwamfuta. Wannan sharaɗi ya fi nauyi a karkara, irin ƙasashen Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, inda akasarin jama'a manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i.

Alal misali, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, shirin N-Power kuma da aka fara a 2016 ta intanet aka nemi shigarsa. Da aka yi ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ɗan dako da ɗan kabu-kabu da mai ƙwadago a gonar wani, waɗanda ladansu na yini a hannu ake ba su, su suka fi jin jiki, alhali mai asusun banki da na'urar POS yana cin riba.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Niyya ce kyakkyawa, sai dai shi ma ta intanet aka nema, kuma da Turanci. Ashe ke nan an ajiye tsani a kan soro, sa'an nan aka ce wa na ƙasa ya hawo. Ɗan ma'aikaci a birnin Sakkwato zai samu, matashin Jabo ko Kuchi kuwa da wuya ma labarin ya iske shi. Ta haka abin da aka yi domin rage rata yake ƙara faɗinta.

Kada a ɗauka rashin basira ne. Manomin da ke cinikin albasa ta saƙon murya a WhatsApp ya riga ya nuna zai iya. Harshen koyarwa ne ya tare masa hanya.

A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi yaƙi da jahilci da Hausa, hukumar NORLA ta buga littattafai, Lardin Sakkwato kuma ya sami jaridarsa, Zaruma. Wannan tafarki ya kamata a sake bi. A buɗe azuzuwan manya a zauruka da kasuwanni, a koyar da aika kuɗi da cika fam da tsare lambar sirri, cikin boko da ajami, mata kuma su koyar da 'yan'uwansu a gida. Ƙirƙiro kalmomi da rubuta littattafan koyarwa kuwa nauyi ne da ya rataya a wuyan malamai da ɗaliban Hausa. Masu iya magana dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.