Kafanchan da Takardar Ɗan Asali: Inda Wariya Take Samun Hatimi

A watan Mayun 2022 wani matashi farar fata ya kashe baƙaƙen fata 10 a Buffalo ta Amurka, bisa aƙidar cewa ƙasa ta jinsi ɗaya ce, saura baƙi ne masu neman ƙwace ta. A Kudancin Kaduna launin fata ɗaya ne, amma tambayar ba ta sauya ba: wane ne mai gari, wane ne baƙo?

A nan kowane ɓangare tsiraru ne a wani wuri. Bajju, Atyap da Fantswam na kukan danniya tun zamanin da Turawa suka bar yawancinsu a ƙarƙashin sarakunan Zazzau da Jama'a. Hausawa da Fulanin Kafanchan kuwa, waɗanda kakanninsu ke kwance a maƙabartun garin, har yau ana kiransu 'yan zuwa. Wannan tsoro na juna ya zubar da jini a Kafanchan a 1987 da 1999, a Zangon Kataf a 1992, sannan a Zonkwa bayan zaɓen 2011.

Abin da ya shafi ma'aikacin tarayya shi ne, wannan rarrabuwa tana da hatimin hukuma. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya, amma sashe na 147(3) ya ce minista ya kasance ɗan asalin jiharsa, ba tare da fayyace ma'anar asali ba. Don haka hukunci ya koma hannun ƙananan hukumomi masu bayar da takardar, Hukumar Daidaito a Ayyukan Tarayya kuma tana ƙirga gurabe da ita. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta sanar da soke bambancin a Kaduna, sai dai fom ɗin ɗaukar aikin tarayya bai daina neman takardar ba.

Yanzu ga zakaran gwajin dafi. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da jami'a a Kachia. Idan aka raba guraben bisa asali kaɗai, za a sake farfaɗo da tsohon miki. Al'ummomi 29 sun sa hannu a Yarjejeniyar Kafanchan a 2016. Saura Abuja ta ba haihuwa da daɗewar zama a gari matsayi a doka.