Shaye-shaye: Ana duba ƙwaƙwalwa, an manta da huhu

Da zarar an ambaci shaye-shaye a Arewa, abin da ke zuwa a rai shi ne taɓin hankali, sata da faɗan daba. Da wuya a ji wani ya yi batun huhu, alhali nan ne masaukin farko na hayaƙin wiwi da na shisha da warin sholisho.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Mai shan wiwi kan zuƙi hayaƙi ya riƙe shi a ƙirji, abin da ke kumbura hanyoyin numfashi, ya bar shi da tari da majina da ba sa ƙarewa.

Shisha kuwa yaudararta ta fi yawa, domin ƙamshin tuffa da ruwan da hayaƙin ke ratsawa suna sa matasa ganin ba ta da illa. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zaman awa ɗaya, mutum na iya shaƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ga gubar gawayi, ga zama kafaɗa da kafaɗa a rufaffen ɗaki, a ƙasar da ta fi kowace a Afirka yawan masu tarin fuka.

Kodin da tiramadol ba su da hayaƙi, amma suna rage ƙarfin numfashi. Wanda ya bugu ya yi amai cikin barci, aman na iya gangarawa huhunsa ya jawo namoniya. Kodin kuma yana danne tari, sai cutar ta yi ta cin mutum babu alama.

Aikin hukumar NDLEA na kame da ƙona kayan maye yana da muhimmanci, sai dai ba ya warkar da ƙirjin da ya riga ya kamu. Ya kamata duk matashin da aka kai cibiyar gyaran hali a yi masa gwajin majina da hoton ƙirji tun ranar farko. Likitoci su riƙa tambayar abin da majinyaci ke sha ba tare da tsangwama ba, domin kunya ce ke sa da yawa su ɓoye gaskiya.

Iyaye ma da nasu rabon. Tarin da ya kai mako biyu ba na kemis ba ne, na asibiti ne, kuma gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Faɗa da nasiha suna iya jira a dawo gida. A fara kai yaron a duba ƙirjinsa.