Sharhi: Tulun da Ke Ƙarƙashin Ƙafafunmu



Idan bazara ta kama a unguwannin Kano, tun kafin kiran assalatu za ka ji ƙarar kurar 'yan ga-ruwa, ka ga yara sun jera jarkoki a bakin famfon da ya koma tari. Maigida ya yashe rijiyarsa sau biyu, guga na dawowa da laka, domin maƙwabci ya haƙa burtsatse da ta fi tasa zurfi. Kowa na cewa ruwa ya gudu. Ina ya tafi?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Kano a kan dutse take zaune, ruwanta na maƙale ne a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa ba ya jure yawan ja. Daga wajen Haɗeja zuwa Barno kuwa, yashi ne da yumɓu, masu riƙe ruwa hawa uku. A shekarun 1960 rijiyoyin da aka haƙa a Barno suka taɓo hawa na tsakiya, ruwa ya riƙa tsartuwa da kansa ba inji. Da yawa aka bar su a buɗe dare da rana, har ƙarfinsu ya ragu. Ruwan nan ya yi dubban shekaru yana taruwa, daminar bana ba za ta mayar da shi ba.

Hawa na sama shi ne mai samun ƙari, musamman daga ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, abin da ke tsuma ƙasa ya ragu tare da ita. Ashe ƙofar dam a Kano tana da hannu a gugan mace a Yobe.

Wannan ruwa bai san iyaka ba. Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru tulu ɗaya suke sha, kuma tun 1964 suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. Abin da muke roƙo shi ne taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta sauko daga ofis zuwa hannun mai haƙa burtsatse: ya san inda ruwa yake, da zurfinsa, da yawan da za a iya ja. Jihohi su yi rajistar kowace burtsatse, su tsayar da tazara tsakaninsu, su riƙa auna zurfin ruwa rani da damina, a kuma sa wa rijiyoyin da ke kwarara banza marufi.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mu auna tulun nan tun da sauran ruwa a ciki, domin jikokinmu ma a nan za su zura guga.